Darasin Bakin Tafki: Yadda Ake Shirya Tattakin Ayari a Yammacin Zamfara



Yaushe rabonka da fita bayan gari a ƙafa, ba gona za ka ba, ba aikenka aka yi ba, don kawai ka ga ruwa da itatuwa? Na yi wa 'yan ajinmu wannan tambaya wata rana muna zaman jiran malami, sai aji ya kaure da dariya. Wani daga can baya ya ce, "A Zamfara? To Allah Ya raka taki gona."

Ban ga laifinsa ba. Mu da aka haifa bayan shekarar 2000 mun tashi muna jin kalmar daji tare da kalmar bindiga. Amma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Muna haddace sunayen itatuwa da Latin don jarrabawa, alhali da yawanmu ba za su bambance kanya da ɗinya ba ko an kai su gindinsu. Wannan ya sa ni da wasu abokai 'yan Gummi da Anka da Bukkuyum muka shirya zagaye wani tafki a ƙafa lokacin hutu. Sau biyu muka fita. Ta farko ta watse, ta biyu ta yi kyau. Abin da ya raba su shi ne darasin da nake so in bar wa na baya kafin in kammala difloma.

Ƙasar da ake magana a kai

Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ya gangara yamma ya shiga Jihar Kebbi inda yake haɗuwa da Gulbin Sakkwato. Daga kudu kuma ga Gulbin Ka. Da damina gulbi kan cika ya malala cikin fadama. In ruwa ya janye da kaka, sai ya bar tafkuna a wuraren da ƙasa ta yi kwari. Wasu kan ƙafe kafin bazara, wasu kan riƙe ruwa har wata damina. A nan masunta ke su, makiyaya ke shayar da dabbobi, masu noman rani ke kafa injin ban-ruwa.

Babban ruwan da kowa ya sani a wannan shiyya shi ne na madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ya mamaye kimanin hekta 8,000, ya miƙe kusan kilomita 19 a bayan madatsar. A ƙarƙashinsa akwai gonaki da kufan garuruwa. Manoman da aka tasa sun yi zanga-zangar neman diyya, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Na kawo Bakolori ne don a gane bambanci. Irin wannan ruwa ba a zagaye shi a ƙafa cikin yini. Wanda nake nufi shi ne ƙaramin tafkin fadama, wanda in ka tsaya a bakinsa kana hango ƙarfen sabis na gari. Namu yana fadamar Gummi. Ba zan faɗi sunansa ba, dalili zai zo a gaba.

Fitar farko

Ni na shirya ta, kuma ni ke da laifin. Na rubuta a zauren WhatsApp, mutum 19 suka taru. Saboda jiran masu latti, sai wajen ƙarfe 10 muka tashi. Ba mu gaya wa kowa ba. Samari masu ji da ƙarfi suka yi gaba da sifika tana kiɗa, 'yan mata da wani mai ciwon ƙafa suka rage a baya, har ta kai ba mai ganin wani.

Muna cikin duhuwar itatuwa sai muka ji ƙarar babura. Wani ya ce, "Ga su nan!" Shi ke nan, kowa ya yi ta kansa. Ƙanwar wani abokina ta faɗa cikin ƙaya ta gurɗe ƙafa. Wani ya afka taɓo har gwiwa, ya fito ba takalmi. Ashe masu noman rani ne su uku, sun ɗauko buhunan taki. Su ne ma suka taimaka aka kai yarinyar gari.

Da yamma mahaifinta ya aika aka kira ni. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, in da su na fa, wa ka zuwa shi gaya muna inda kuke?" Na sunkuyar da kai, ban sami amsa ba. Duk abin da zai biyo baya amsar wannan tambaya ce.

Darasi na ɗaya: a nemi izini, a nemi labari

Kada mu yaudari kanmu. A watan Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe. A watan Janairu 2022 aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A wurinmu waɗannan ba labaran rediyo ba ne, dangi ne da maƙwabta. Saboda haka maganar dazuzzuka irin na Bagega da Gando ba ta ma taso ba. Wanda ya ce zai kai ɗalibai can yawon buɗe ido, a riƙe shi.

A fita ta biyu ga abin da muka yi. Mun fara zuwa wajen mai unguwa, shi ya haɗa mu da Sarkin Ruwa, Sarkin Ruwa ya ba mu wani dattijon masunci ya yi mana rakiya. An sanar da masu tsaron gari. Kowa ya nemi yardar iyayensa, wanda aka hana ya haƙura ba tare da an yi masa gori ba. Mun rubuta sunayenmu da lambobin waya a takarda, muka bar wa yayana a gari, da sharaɗin in ƙarfe 11 ta yi bai gan mu ba ya tayar da magana.

Ba a sanya rana ko wuri a Facebook ko WhatsApp kafin a fita, hoto ma sai an dawo gida. Shi ya sa ban faɗi sunan tafkin ba. In manya suka ce ba wannan makon ba, a ɗaga. Mu ma sai da aka ɗaga mana sau ɗaya. Sannan da safiyar ranar a dubi hanya. In masu noman rani da masunta ba su fita ba, kai ma koma gida. Sun fi ka jin labari.

Darasi na biyu: lokaci da nisa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, ciyawa ta kwanta ana ganin nesa, taɓo ya bushe, ga sanyin hunturu. Da damina hanya kan cika da ruwa, ga tsawa, kuma gindin doguwar bishiya a bakin ruwa mummunan wurin fakewa ne. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, tafiyar sai ta koma wahala.

A tashi da hantsi bai yi ba. Mun haɗu bayan sallar asuba, muka karya, ƙarfe 7 muna kan hanya.

Mutum ɗaya mai lafiya kan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa a hanya mai kyau. Ayari ba ya haka, domin akwai tsayawa kallo, da shan ruwa, da cire ƙaya. Ka lissafa kilomita 2 kacal a awa. Tattaki mai sauƙi kada ya wuce kilomita 5 gaba ɗaya, har da zuwa da dawowa.

Ga yadda za ka auna ba tare da na'ura ba. Ka auna mita 100 da tef a filin ƙwallo, ka taka shi da tafiyarka ta kullum, ka ƙirga. Nawa taku 130 ne. Da muka zagaye tafkin na ƙirga kusan 3,900, wato 3,900 a raba da 130 ya ba da 30, a ninka da 100 ya zama mita 3,000. Kilomita 3 ke nan. Don kada lissafi ya ɓace, na riƙa jefa tsakuwa ɗaya a aljihu bayan kowane taku 100.

Darasi na uku: tsarin ayari

Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya kara zube. Suna da madugu mai shugabantar ayari, da jagaba mai nuna hanya. Mun ari wannan tsari. Mu 11 ne, kuma ina ganin kada a wuce 12, domin wanda ba ka iya ƙirgawa da ido ɗaya ba ka iya tsare shi.

Jagaba ya tafi gaba tare da dattijon, ba mai wuce shi. Ni na zama madugu, na tsaya a ƙarshe, ba mai rage mini a baya. Wadda ta fi kowa sanyin tafiya muka sa ta bi jagaba, saurinta shi ne saurin kowa. Wannan ita ce doka mafi wuyar bi, don samari sukan ji kamar an ɗaure su, amma ita ce ta hana a rabu. 'Yan mata suka tafi tare a tsakiya. Duk inda aka tsaya, a ƙirga kai kafin a tashi.

Ba sifika, ba ihu, ba riga iri ɗaya mai jan ido. Kuma tun a gida muka yi yarjejeniya: in an ji abin tsoro ba mai gudu, kowa ya tsaya ya dubi dattijon, abin da ya ce shi za a yi. Mun ji babura har sau biyu a ranar. Tun daga nesa ya ce, "Wanga ɗan gidan maƙwabcina na, albasa za shi ba ruwa." Ƙarar mashin ɗin ma ya sani.

Darasi na huɗu: guzuri da lafiya

Kowa ya riƙe ruwan sha daga gida, aƙalla lita ɗaya da rabi. A sa takalmi rufaffe da dogon wando, ban da silifas. Hula ko mayafi, man leɓe saboda hunturu, ɗan dabino ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. Mutum ɗaya ya riƙe bandeji da filasta da gishirin zawo. In babu na leda, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A duba waya ta cika da caji, a bar leda ɗaya ta shara.

Sai babbar doka: ba a shiga ruwan, ba a sha. Ga dalilai uku.

Na farko tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai tsallakawa. Bayan makonni sai a fara fitsarin jini. A ƙauye wasu na ɗaukarsa alamar balaga ga yaro, alhali ciwo ne da ke lalata mafitsara in ya daɗe. Yana da magani a asibiti. Kurkunu ma ta shan ruwan tafki aka riƙa kamuwa da shi, har sai 2013 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi.

Na biyu gubar dalma, kuma wannan ya fi shafar 'yan uwanmu na Anka da Bukkuyum. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ana wanke shi a kududdufai, yana ɗauke da dalma mai yawa. Yara aƙalla 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana yi wa dubbai magani. Dalma ba ta da wari, ba ta sauya launin ruwa, tafasawa kuma ba ta cire ta. Wani abokina ɗan Anka da muka fita da shi, ƙanensa na cikin waɗanda suka rasu. Da wani ya tsuguna zai wanke fuska, shi ya riƙe masa hannu. Bai ce komai ba, ba wanda ya sake gwadawa. Tafkinmu ba wurin wankin zinare ba ne, amma in a yankinku ana haƙa, ku tambaya kafin ku zauna ko ku ci abinci a bakin kowane kududdufi, don ƙurar wurin ma guba ce.

Na uku nutsewa. A watan Satumba 2024 kwale-kwale ɗauke da manoma ya kife a Gummi, mutane da dama suka rasu. Ko masunci ya yi maka tayi, in babu rigar ruwa ka gode masa ka ci gaba da tafiyarka a tudu.

Maciji kuwa, kububuwa da kasa sukan kwanta cikin busasshen ganye. A bi turba, kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin icce. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take.

Darasi na biyar: abin da za a koyo

In an gama da tsaro da lafiya, sai ido ya sami sukunin kallo. Dattijon bai taɓa shiga aji ba, amma a cikin awa biyu da rabi ya koya mana abin da ya fi na zangon karatu guda. Ya nuna wata bishiya ya ce, "Kun ga wagga? Giyayya ta. Duk inda kun ka gan ta, ruwa na kwana nan da damana. Kar ka gina ɗaki kusa da ita." Na ce, "Baba, ko da wurin a bushe yake?" Ya ce, "Ɗana, icce bai ƙarya."

Daga nan na lura itatuwan jere suke gwargwadon nisansu da ruwa. A cikin ruwan akwai bado da kainuwa. A gefe ga giyayya da bagaruwa, wadda majema ke jima da 'ya'yanta. Sama kaɗan ga kanya da ɓaure da giginya. Can kan tudu sai tsamiya da kuka da ɗorawa. A cikin gonaki ga gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani, shi ya sa manoma ba su sare shi: ba ya tare wa hatsi rana, ga taki, ga abincin dabbobi.

Mun ga balbela da zalɓe da garken kirinjijiya. Shamuwa ba ta nan, sai gab da damina take zuwa. Masunta sun nuna mana tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu. Dattijon ya ba mu labarin gaiwa, wadda in tafki ya ƙafe takan shige cikin laka ta kwanta tana shaƙar iska har ruwa ya dawo.

Mun kuma ga abin da ba daɗi. A gefen arewa kututture ya fi bishiya yawa, ga ramukan ƙona gawayi. Inda aka sare, gaɓa ta zaizaye, yashi ya gangara cikin ruwa. Dattijon ya nuna wani wuri da yanzu ake shuka albasa, ya ce yana yaro a nan ruwa ke shanye mutum a tsaye.

Ga ayyuka biyu da kowane ayari zai iya yi da tef da biro.

Tsawon bishiya: kafa sanda mai mita 1, auna inuwarta, sannan auna inuwar bishiyar a lokaci guda. Inuwar sandarmu mita 1.5 ce, ta giginya mita 27. A raba 27 da 1.5, tsawon giginyar mita 18.

Ruwan da tafki ke rasawa: mun kiyasta tsawonsa mita 1,200, faɗinsa mita 200, wato murabba'in mita 240,000, ko hekta 24. In ruwa ya sauka da santimita 1 a kan hekta ɗaya, an rasa lita 100,000. A tafkinmu lita miliyan 2.4 ke nan, kwatankwacin jarka 96,000 mai lita 25. Ka roƙi masunci ya kafa maka turke a gefen ruwa, ya riƙa yi masa alama duk Juma'a. Bayan wata biyu kana da alƙaluman da za su isa a gina aikin kammala karatu a kansu, kuma naka ne, ba kwafe daga intanet ba.

Kammalawa

Ƙarfe 10 saura muka shigo gari, mu 11 kamar yadda muka fita. Kafin in je gida sai da na biya wajen mahaifin yarinyar nan, na nuna masa takardar sunaye da lokacin dawowa. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce in an sake shiryawa a zo a gaya masa da wuri.

Tafkin bai sauya ba tsakanin fita ta farko da ta biyu, hanyar ma ita ce. Sauƙin da muka samu daga shiri ya zo. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin 'yan ƙananan hukumomi su ɗauki wannan tsari, kowa ya dube shi da yanayin garinsu. Inda hali bai ba da dama ba, a haƙura, rai ya fi tafki. Inda ya ba da dama, a fita, a tafi da littafi, a rubuta sunan kowace bishiya da kowane tsuntsu daga bakin dattawan da suka san su, tun suna raye. Ranar da zaman lafiya ya dawo, za a buƙaci waɗanda suka san abin da ke wurin a da, don a san abin da za a mayar.

Allah Ya ba jiharmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.